Gefen da Igiyar Mato Ba Ta Auna Ba

Asabar, 10 ga Maris, 1962

Ƙaramar Sallah ta wuce da kwana biyu. Ban sa sabuwar riga ba, matata Talatu ma ba ta yi lalle ba. Wata huɗu ke nan da gobarar kambo, sansanin masu cirar auduga, wata huɗu da muka binne 'yarmu Indo. Da rana tsaka iska ta ɗauki wuta daga murhun maƙwabta, bukkoki goma sha ɗaya suka tafi kafin in iso daga bakin tura'a, babbar magudanar ban-ruwa, inda nake gadin ƙofar ruwan gonakin auduga. Yarinyar tana barci a ciki. Shekararta huɗu.

Na sake kafa wata bukkar a kan tokar ta farko, don ban san abin da zan yi ba. Talatu ba ta kwana a ciki. Tabarmarta a waje take, da tulu cike da ruwa a gefen kanta. In ta ji warin hayaƙi, ko na garwashin shayi ne, sai ta zabura ta kama tulun.

Yau na faɗa wa Iya zan nemi gidan jalus, bangon ƙasa da rufin ƙasa, wanda wuta ba ta ci. Ta dube ni kamar na ce zan bar salla. "Mu matahiya na, Sambo. Muna bisa hanya. Wa ka gina jalus bisa hanya?" Shekara arba'in da ɗoriya ke nan tana bisa hanyar nan. Baba ya taso da ita da ƙafa daga ƙasar Sakkwato za su Makka, suka tsaya nan cirar auduga don su tara guzuri, har ya rasu a bukka bai ga ko teku ba. Haraminsa yana nan ninke a akwatin ƙarfenta. Akwatin ne kaɗai ta fitar ranar gobara. Ban taɓa faɗa mata abin da ke raina game da wannan ba.

Na gaji da jin muna bisa hanya. Ni a nan aka haife ni.

Litinin, 12 ga Maris

Malam Ɗan'auta na hilla, ƙauyen mutanenmu na bakin kogi, zai tafi Makka bana, tafiya ta gaske, har ya sami takardar jirgin ruwa. Gidansa zai sayar ya cika guzuri. Na tafi na gani, tafiyar sa'a ɗaya daga kambo. Ɗaki biyu na jalus, katanga, bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Na dafa bangon da tafin hannuna, sanyi ƙalau. Na ji hawaye na neman zubo mini, na juya kamar ina duba rufi.

Malam ya ce, "Ɗana, gidanga naka na in kana so. Shekara sha ɗaya ina ciki, ruwan bahar, koginga, bai taɓa taka min ƙohwa ba."

Na zaga baya. Halin gafir ne, mu masu gadi, ba na ganin fili ban taka shi ba. Daga bangon baya zuwa bakin gaɓa taki talatin da huɗu. Kogin yana can ƙasa, ya janye, ga yashi fari har tsakiya. Na ga saiwoyi suna reto a jikin gaɓar, bishiyarsu babu. Na ga kuma alamar turken awaki wuri uku, kowane ya fi na baya matsowa gida. Malam ya ce awakin ne ba su son iska.

Ruwa dai na san shi. Shekara goma sha biyar ina buɗe masa ƙofa ina rufewa.

Laraba, 14 ga Maris

Na shiga garin Suki wurin Afandi Bashir, massahi mai awon filaye da ya bar aikin gwamnati. Lokacin da ake auna sabuwar tura'a ni na riƙe masa sanda wata biyu, ya san ni. Har yanzu yana da sarƙarsa ta awo da turakun ƙarfe da taswirori naɗe a cikin bututun kwano. Mutum ne mai faɗa, ba ya raga wa kowa, amma ban taɓa jin an ce turkensa ya kauce ba.

Da na ce bakin kogi ne, ya ajiye kofin shayinsa. "Ya zol, bawan Allah, gidan bakin bahar daga baya ake fara auna shi. Gaba ba ya zuwa ko'ina." Ya ce yana da taswirar wurin ta shekara goma sha uku da suka wuce, zai zo da ita ran Lahadi, a gwada inda gaɓa take da inda take yanzu. Ya ce kada in ba da ko kwabo sai ya gani.

Na dawo raina wasai. Na faɗa wa maƙwabcina a hanya. Da na sani na kama bakina.

Jumma'a, 16 ga Maris

Kafin in isa masallacin hilla labari ya riga ni. Bayan salla dattawa suka zaunar da ni a inuwa kamar na yi sata. Wai za a sa wa gidan mai niyyar Hajji sarƙar hukuma, a kawo baƙo ya tantance maganarsa a gaban jama'a, kamar maƙaryaci. Ba a taɓa yi ba. A nan wanda zai tafi ɗakin Allah ba a ja da shi, ba a taya kayansa da ƙasa, kowa kawo sunansa yake yi a faɗa masa a Arfa. Duk hillar jira suke, kakanninsu sun mutu suna jira, ga ɗaya ya samu zai isa.

Mato yana gefe yana murza igiyarsa. Shi ke auna wa mutanenmu fili tun kafin a haife ni, da igiyar kaba mai ƙulli a kowane kamu goma. Ido ɗaya gare shi, ɗayan ma sai ya karkata kai. Ya ce, "Sarƙar Afandi ta san arziki? Igiyagga ta auna gidan ubanka." Na ce ubana bai taɓa yin gida ba. Wannan ban kyauta ba.

Malam Ɗan'auta carbi kawai yake ja. Da zan tashi ya ce, "In zuciyarka ba ta natsu ba, ɗana, kawo shi. Ni ba ni riƙe kowa." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A gida Talatu ta tare ni. Wata huɗu ba ta roƙe ni komai ba. Ta ce ta riga ta je wurin matar Malam, ta ba da sunan Indo a faɗa a Arfa, da roƙon Allah ya ba mu wani. "Kada ka ɓata masa rai, Sambo. In ya tafi da mu a zuciya da ɓaci, wa zai kai sunanta?"

Iya tana jin mu tana tsince wake. Ba ta ɗaga kai ba.

Asabar, 17 ga Maris

Na aika wa Afandi kada ya zo. Na ce an fasa cinikin. Ƙarya na yi.

Lahadi, 18 ga Maris

Mato ya auna. Ya yi bisimilla, ya kafa tsinke a gindin katanga, ya ja igiya gabas, ya ja kudu, ya ja arewa, shaidu huɗu suna binsa suna amsa ƙulli. Sai ya fara naɗe igiyarsa a gwiwar hannu. Na ce saura yamma, gefen kogi. Ya karkato da idon nan nasa. "Bahar ba a sa mai igiya. Na Allah na. Iyakarka ita ta iyaka tai." Shaidu suka ce haka ne, haka aka gada.

Aka shafa fatiha, aka raba dabino. Saniyata da jakina sun tafi a cinikin. Babu takarda, an ce fatiha ta fi takarda.

Ban ji daɗi ba, ban kuma ji baƙin ciki ba. Talatu ta yi murmushi, shi ke nan abin da na gani.

Alhamis, 29 ga Maris

Mun raka Malam tashar jirgin ƙasa a Suki. Hilla duka ta fito, tsofaffi suna kuka suna shafa rigarsa. Iya ta kama hannun matarsa ta ƙi saki har jirgi ya yi kuka. Malam ya rungume ni ya daɗe, ya ce a kunnena, "Ka yahe min, ɗana." Na ce ai ba ka yi mini komai ba. Kowa da ke tafiya haka yake cewa.

Talata, 3 ga Afrilu

Mun tare. Talatu ta kwana a ɗaki, ƙarƙashin rufi, har rana ta fito ba ta farka ba. Na zauna a ƙofa na hana kaji shiga. Wallahi ko yau na mutu na yi abu ɗaya a duniya.

Iya ta ƙi biyo mu. Tana kambo a bukkarta da akwatinta.

Lahadi, 13 ga Mayu

An ce yau ake tsayuwar Arfa. Talatu ta yi azumi, ta wuni tana duban gabas. Ta dasa kuɓewa a bayan gida, ta ce in yi mata shinge.

Asabar, 21 ga Yuli

Ruwa ya sauka sosai. Kogi ya taso, ja wur, yana ɗauke da itatuwa da mushen dabbobi daga ƙasar Habasha. Ban taɓa zama kusa da shi a damina ba. Ruwan tura'a shiru yake tafiya, in na ce tsaya ya tsaya. Wannan kuwa gurnani yake, ana jinsa a cikin bango.

Na taka baya. Talatin da huɗu. Na yi wa kaina dariya.

Laraba, 8 ga Agusta

Talatin da ɗaya. Wataƙila takina ne ya faɗaɗa.

Lahadi, 19 ga Agusta

Ashirin da bakwai. Ba takina ba ne. Na kafa turke a taki na ashirin, ban faɗa wa Talatu dalili ba, na ce na ɗaure akuya ne. Ina faɗa na tuna da turakun Malam guda uku.

Talatu tana da ciki, wata biyu. Ta ce addu'ar Arfa ce. Ta faɗa mini tana dariya, har da rufe baki da gefen zane kamar amarya. Na yi murna, Allah ya sani na yi. Sai dai ina murnar kunnena yana baya.

Asabar, 8 ga Satumba

Kogi ya fara sauka. Ashirin da biyar, kwana shida bai motsa ba. Alhamdu lillahi. Taki tara a shekara, in ma haka ne kullum, akwai sauran lokaci, zan tara duwatsu in dasa itatuwa. Na sayo wa Talatu turare a Suki. Na hango Afandi a kasuwa na sauya hanya.

Talata, 18 ga Satumba

Da hantsi ina shirin tafiya aiki na ji wani ƙara kamar an kayar da katanga. Na fita. Kuɓewar Talatu babu, shingen babu, turkena babu. Ƙasa ta tsage ta zame gaba ɗaya, ruwa yana tafasa a wurin. Goma sha shida.

Ruwan sauka yake, ba hawa ba. Ban gane ba. Ni da nake cewa na san ruwa.

Talatu ta tsaya a bayana da ludayi a hannu. Ta ce, "Tun yaushe kake ƙirgawa?" Na ce tun ran da na fara ganin gidan. Ta koma ta ci gaba da dama kunu.

Alhamis, 20 ga Satumba

Na haɗiye kunya na tafi wurin Afandi. Na zaci zai zage ni, bai yi ba. Ya ɗauki bututunsa da sarƙa muka taho. Ya nemo wani turken ƙarfe na gwamnati a gindin masallaci, ya ja sarƙa daga nan har bakin gaɓa, ya shimfiɗa taswira a kan tabarma ya danne ta da takalmansa. Ya sa yatsa. "Nan ne gaɓa lokacin da na auna. Tsakaninta da bangon nan mita casa'in." A taswirar akwai gidaje uku a bayan nawa, da rijiya. Na duba inda yatsansa ya nuna, tsakiyar ruwa ne.

Ya ce wannan cin gaɓar sunansa haddam. Kogi a nan lanƙwasa yake, gefenmu yake ci. In ya cika yana jiƙa ƙasa yana tokare ta, in ya sauka sai ta rasa abin jingina ta faɗi. Yanzu ne lokacinsa, har wata mai zuwa. Na ce duwatsu fa? Ya ce, "Ma'alesh, sai haƙuri, ya Sambo. Ko hukuma ba ta iya masa. Fitar da matarka daga ɗakin baya yau." Rabin sa'a aikin ya ɗauke shi. Rabin sa'a. Na miƙa masa ladansa ya ture hannuna.

Jumma'a, 21 ga Satumba

Na tare Mato bayan salla, a gaban kowa, ban damu ba. Na ce ka san da gidaje ukun? Ya ce shi ya auna su. Na ce to me ya hana ka faɗa? "Ka tambaye ni? Igiyata gehe ukku ta ka aunawa." Na juya ga dattawa. Ɗaya yana duban ƙafarsa, ɗaya yana gyara rawani. Liman ne ya yi ƙarfin hali. Ya ce kowa ya sani, amma in an faɗa ciniki ya ɓaci, Malam bai tafi ba. Wa zai ɗauki alhakin tare wa mutum hanyar ɗakin Allah? Sun zaci kogin zai ba ni shekara biyar ko shida. Suka ce za a taimaka mini da ciyawa da itace in kafa bukka.

Ciyawa. Sun san abin da ya fitar da ni daga ciyawa, su suka yi wa yarinyar salla.

Na wuce kambo wurin Iya da zafina, ina so wani ya taya ni zagi. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce matar gida na biyu da ruwa ya ci ƙawarta ce, ita ta taya ta kwashe tukwane. Na ce Iya, ke ma? Ta ce, "In na hwaɗi, Ɗan'auta ba shi zuwa. Ubanka bai isa ba, in hana wani?" Sai ta ƙara, "Kuma ni ban ce ka gina ba. Bahar ma gabas shika tura ka."

Uwata ce. Na tashi na fita kafin bakina ya jawo mini wuta.

Alhamis, 27 ga Satumba

Tara. Bangon baya ya tsage, hannuna yana shiga. Mun koma ɗakin gaba.

Litinin, 1 ga Oktoba

Wani alhaji da ya dawo ta Suki ya kawo saƙo. Malam Ɗan'auta ya zauna a Madina, ba zai dawo ba. Ya aiko wa Talatu dabino da ɗan gwangwanin zamzam, ya ce a faɗa mata ya ambaci Indo a Arfa sau uku, da suna, har da sunan uwarta.

Talatu ta rungume gwangwanin ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar gobara. Ta ce, "Ya cika alkawari." Ya cika kuwa. Na so in watsa dabinon a kogi. Na kasa. Na ci ɗaya, yana da daɗi, abin ya ƙara ba ni haushi.

Laraba, 10 ga Oktoba

Ɗakin baya ya tafi bayan la'asar. Muna tsaye a ƙofar gida muna kallo, ya durƙusa a hankali kamar raƙumi, sannan ƙura. Ba wanda ya ji ciwo. Mutanen hilla sun zo da gudu, sun taya mu cire ƙofa da azara daga ɗakin gaba. Mato ma ya zo, da igiyarsa aka ɗaure kayan. Ita ce dai igiyar.

Lemun tsamin yana nan a bakin gaɓa, ya yi 'ya'ya.

Jumma'a, 12 ga Oktoba

Kambo. Bukka. Talatu ta shimfiɗa tabarmarta a waje, da cikinta, ta ajiye tulu a gefen kanta. Ba ta zarge ni ba, ni ma ban zarge ta ba. Da ta yi faɗa da na samu abin riƙewa.

Alhamis, 15 ga Nuwamba

An fara shirin cirar auduga. Afandi ya biyo ta bakin tura'a a kan jaki, ya same ni ina share ƙofar ruwa. Ya ce akwai fili a kan tudu bayan hilla, nesa da kogi, ƙasa mai tsakuwa, ya duba taswira babu abin da zai taɓa shi. In na yarda zai auna mini gefe huɗu, ya kafa turakun ƙarfe, ya taya ni neman takarda da sunana, ba zai karɓi komai ba. Azara da ƙofa ina da su, ƙasa kuwa kyauta ce. Kafin Talatu ta haihu ɗaki ɗaya zai tashi.

Magana ce mai kyau. Duk abin da na nema a watan Maris ke nan. Na tsaya da shebur a hannu ina duban ruwa, sai na ji bakina ya ce, "Na gode, Afandi. Bari dai tukuna. Mu matafiya ne, muna bisa hanya."

Ya dube ni ya daɗe, ya kaɗa jakinsa ya tafi.

Gajiya ce kawai, ba wani abu ba. Zan neme shi bayan an gama auduga. Ƙofar da azarar na ba maƙwabci aro, yana bukata. Akwatin Iya murfinsa ya lalace, na gyara mata da yamma, da na buɗe na ga akwai sauran wuri a gefen haramin Baba, sai na sa wannan littafin nawa na gwada, ya shiga daidai. Talatu ta ce in ƙaro mata tulu na biyu.